Nana Asma'u, malamar da ta kai karatu har ƙauye

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na Dungu, da Matamaye, da Kance, da sauran garuruwan jahar Damagaram, a wannan wata jaridarku ta kawo muku labarin wata malama. Ita ce Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ta fi shekara 160 da rasuwa, amma ba a manta da ita ba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa matan gidansa, don labarin nasu ne.

An haifi Shehu a Maratta, cikin jahar Tawa ta yanzu, a shekara ta 1754. Ita kuwa an haife ta a Degel, a shekara ta 1793. Tagwaye ne, ita da ɗan'uwanta Hasan. Gidansu gidan malamai ne, maza da mata kowa da allonsa.

Tana da shekara kamar 11 aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu, a 1804. Daga nan yaƙi ya tashi tsakanin jama'ar Shehu da Gobir. Yarinya ce, amma ta ga gudu, ta ga yunwa, ta ga zawarawa da marayu. Daga baya aka yi mata aure da Giɗaɗo ɗan Laima, aminin wanta Muhammadu Bello. Giɗaɗo ne ya zama wazirin Sakkwato. Ta haifa masa ƴaƴa maza, ta riƙe babban gida mai yawan baƙi, duk da haka ba ta ajiye alƙalami ba. Tana rubutu da Larabci, da Filatanci, da Hausa, kuma tana jin Buzanci. Abin da ta rubuta ya kai 60.

To, ga inda aikinta ya fi ban sha'awa. Bayan yaƙe-yaƙen nan ƙasar Sakkwato ta cika da mata waɗanda ba su jin Larabci, ba su jin Filatanci. Da yawansu an kamo su ne wurin yaƙi, an raba su da garuruwansu. Sauran kuma matan ƙauye ne da na ruga, masu daka da ɗiban ruwa da reno. Yaya mace mai goyo za ta bar gidanta ta tafi birni neman ilimi? Wa zai yi mata tuwo? Duk wadda ke zuwa ajin yaƙi da jahilci yau ta san wannan wuyar.

Nana ba ta zauna jiran su zo ba. Sai ta nemi dattijuwa mai hankali da mutunci a kowane gari, ta naɗa ta jaji. Ana ba jaji malfa da jan rawani, don kowa ya gan ta ya san aikinta. Jaji ita ke tara ayari ta kawo wurin Nana. Cikin ayarin akwai tsofaffin da suka daina haihuwa, da ƴan mata waɗanda ba su kai aure ba. Su ne za su iya tafiya ba wanda ya ce uffan. Ƙafa suke takowa, wasu daga nesa. Su zauna, su koya, su hardace, su koma gida. Can kuma su shiga gida gida suna koya wa matan aure da suka bari. Waɗannan mata su ake kira Ƴan Taru.

Malfar nan ba baƙuwa ba ce ga matan Gobir. Inna ta Gobir, shugabar mata da ƴan bori, tana sa irinta. Har yau akwai sarautar Inna a Tsibiri, kusa da Maradi. Nana ba ta yarda da bori ba, ta kuma faɗa a fili. Amma ta san mata na girmama mai malfa, sai ta ɗora malfar a kan mai koyarwa. A ganinmu wannan dabara ce ta wadda ta san mutanenta.

Me ake koya musu? Salla, da tsarki, da tarihin Annabi, da zaman lafiya da maƙwabta, da taimakon marar lafiya. Takarda tana da tsada a zamanin, masu iya karanta ta kuma kaɗan ne. Don haka ta mai da darasi waƙa, cikin Hausa da Filatanci, da rubutun ajami. Waƙa ba ta da nauyin ɗauka, ana iya yin ta ana kaɗi, ana iya yin ta ana surfe. Har sunayen surorin Alƙur'ani 114 ta jera cikin waƙa guda, don a riƙe su da ka.

Matan ba su zuwa hannu sake. Suna kawo hatsi, da zuma, da man shanu, da zane. Nana ta karɓa, ta raba wa mabukata.

Tana kuma ganin girman ɗalibanta. Da Sarkin Musulmi Bello ya rasu a 1837, ta yi masa waƙar alhini. Da wata jaji mai suna Hauwa'u ta rasu, ita ma ta yi mata tata. Mace talaka ta samu abin da sarki ya samu.

Ta rasu a 1864, tana da shekara kamar 71. An rufe ta a Hubbare, cikin Sakkwato, kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon Ƴan Taru, bayanta kuma Ta Modi. Ɗanta Abdulƙadir ya gaji ubansa a sarautar waziri. Jikanta Buhari shi ne waziri da Turawan Ingila suka shiga Sakkwato a 1903. Ɗan Buhari, Waziri Junaidu, shi ya adana takardunta har ya rasu a 1997. A shekarar nan ce wasu mata biyu, Jean Boyd ta Ingila da Beverly Mack ta Amurka, suka tara rubuce-rubucenta suka buga cikin littafi guda. Har yau mata na zuwa Hubbare ziyarar kabarinta. Allah ya jiƙanta.