Kwamfutarka na jan ƙafa in an kunna ta? Duba masu tashi tare da ita

 Yawancin kwamfutocin da ke gidajenmu na hannu ne: wa ya aiko wa ƙanensa ɗan makaranta, ko malami ya tsallaka Kano ya sayo. Kukan da muke ji a kansu ɗaya ne: ka kunna, ka je ka ɗora shayi ka dawo, ba ta gama farkawa ba. Sai a ce ta tsufa, ko mai sayarwa ya cuce mu. Alhali sau da yawa lafiyarta ƙalau, kaya ne suka yi mata yawa.

Ga yadda abin yake. Manhajoji da dama, ranar da aka saka su, sukan shigar da sunansu cikin wani jeri da Windows ke bi duk sa'ad da aka kunna na'ura. Duk wadda ke cikin jerin za ta tashi, ka kira ta ko ba ka kira ba. Mai kwamfutar na farko ya saka nasa, mai gyara ya ƙara nasa, kai kuma ka gaji duka. Kamar amalanke ne da aka danƙara wa buhuna tun shanu ba su miƙe ba. In ƙwaƙwalwar na'urar giga 4 ce, nan da nan take cika.

A inda wuta ba ta yankewa, wannan ɓacin rai ne kawai. Amma ga mai dogaro da sola a Waca ko Dogo-Dogo, ko mai kai caji shago ya biya, kowane minti na jira batir ne ke tafiya. Ga kuma kuɗin intanet: da zarar ka jona kwamfuta da wayarka, irin su OneDrive da Teams sai su hau aikinsu a ɓoye, kafin ka buɗe takardar da ka zo nema forfe ya yi ƙasa. Abin dariya ma, kamfanin Microsoft ya rufe Skype tun watan Mayu na 2025, amma a tsofaffin kwamfutoci har yanzu yana sammako.

Gyaran ba ya cin ko dala. A Windows 10 da 11, danna maɓallai uku a tare: Ctrl, Maj da Échap. In kwamfutar daga Najeriya ta zo, da Turancin Ingilishi take magana, sunayensu Ctrl, Shift da Esc. Taga za ta buɗe. Nemi wurin da aka rubuta Démarrage, ko Startup. Jerin ke nan, kuma a gefe ana nuna nauyin kowace manhaja wajen tashi. Fara da masu nauyi: zaɓi suna, ka danna Désactiver, ko Disable. Masu Windows 7 kuwa su rubuta msconfig a wurin bincike, jerin yana ciki.

Kada gabanka ya faɗi, ba goge manhajar ka yi ba. Tana nan, ka hana ta tashi da kanta ne kurum; ranar da kake sonta ka buɗe ta da hannunka.

To amma a bi a hankali. Kada a taɓa mai tsaron na'ura, wato Sécurité Windows ko wani maganin ƙwayar cuta da aka saka. Sunayen da suka shafi sauti da faifan da ake shafawa da yatsa, kamar Realtek da Synaptics, mu dai shawararmu a ƙyale su. Sunan da ba ka gane ba, ɗauki hotonsa da waya ka tambayi wanda ya sani. Dalili kuwa, cutar nan da ke bin kile, wato filashi, daga shagon buga takardu zuwa gida, wadda ke ɓoye takardun mutum ta bar masa gumakan banza, ita ma ta wannan ƙofa take tashi kullum. Hana ta tashi bai kashe ta ba, sai an wanke na'urar.

Ku kuma ƴan uwa na waje masu aiko da kwamfuta, ku taimaka ku yi wannan shara kafin ku ba direba saƙo, tunda intanet ya fi muku sauƙi a can. Ku cire asusunku daga OneDrive tukuna. In kun manta, hotunanku da takardunku na iya ci gaba da sauka a kwamfutar yaro a Bande, da kuɗin forfensa, kuma duk wanda ya buɗe zai gani.