Gadon Bach a Hannun Samarin Jita

Har zuwa farkon shekarun 1960, kiɗa a Ingila da Amurka gida biyu ne da ba sa ga-maciji da juna. A gida ɗaya akwai kiɗan kilasik, gadon su Bach da Mozart da Beethoven, wanda ake rubutawa a takarda, makaɗa sittin ko fiye su zauna da goge da sarewa da ƙaho, jagora na tsaye a gabansu da 'yar sanda. A ɗaya gidan kuma samari ne huɗu ko biyar da jita da ganga, suna kiɗan rok da pop. Waƙarsu ba ta cika wuce minti uku ba, kuma yawancinsu ba su iya karanta rubutun kiɗa ba.

Mutumin da ya fi kowa ƙoƙari wajen rushe wannan katanga shi ne George Martin, mai shirya wa ƙungiyar Beatles faifai. Ya yi karatu a makarantar kiɗa ta Guildhall da ke Landan, inda ya koyi biyano da obo, abin busa mai kama da algaita. A 1965 ya ba Paul McCartney, ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar, shawarar a sa makaɗan goge huɗu a waƙar "Yesterday". McCartney ya ɗan yi ɗari-ɗari, don yana ganin su 'yan rok ne, amma da ya ji sakamakon sai ya sakankance. Shekara na zagayowa suka fitar da "Eleanor Rigby", labarin wata mata da ta rayu cikin kaɗaici, ta mutu babu wanda ya je jana'izarta. Makaɗan goge takwas ne suka ɗauki kiɗan gaba ɗaya, babu jita, babu ganga. An matso da makirufo daf da tsirkiyoyin, shi ya sa sautin ya fito da kaushi, daidai da ɗacin labarin.

Abin da ya faru a Janairun 1967 ya fi nuna yadda aikin ke tafiya. McCartney ya ga wani mabushi, David Mason, a talabijin na BBC yana busa ƙaramin ƙaho a wani kiɗan Bach. Aka gayyato shi ɗakin ɗaukar sauti. McCartney na rera abin da ke ransa da baki, Martin na rubutawa a takarda, Mason na busawa. Haka aka samu busan da ke cikin "Penny Lane": ɗaya na da kunne, ɗaya na da alƙalami, ɗaya na da ƙwarewa.

Daga nan sai ƙofa ta buɗe. A wannan shekarar ƙungiyar Procol Harum ta gina "A Whiter Shade of Pale" a kan salon Bach. A 1969 Deep Purple suka hau dandalin Royal Albert Hall tare da cikakkiyar tawagar makaɗan kilasik. A 1975 Queen suka cusa salon waƙar ofera a tsakiyar "Bohemian Rhapsody", mai tsawon kusan minti shida, ta yi mako tara tana kan gaba a Ingila.

Ba ado kaɗai suka aro ba, har da ƙashin bayan waƙa. Johann Pachelbel, Bajamushen da ya rasu a 1706, ya tsara wani kiɗa a kan sautuka takwas da ke maimaita kansu daga farko har ƙarshe. A kan wannan tubali 'yan ƙungiyar Maroon 5 suka ɗora "Memories" a 2019. Irin waɗannan tsofaffin ayyuka sun zama na kowa, amma ba duka ba. Eric Carmen ya ɗauko wani sashe na kiɗan Rachmaninoff, wanda ya rasu a 1943, ya sa a "All by Myself", sai da ya riƙa ba magadansa kaso daga kuɗin waƙar.

Gaskiya ne wasu sun wuce gona da iri, suka riƙa jan waƙa ɗaya har minti ashirin don nuna gwaninta, har samarin kiɗan punk suka yi musu tawaye a wajajen 1976, suka koma kiɗa gajere mai zafi. Amma inda aka yi aron da hankali, waƙa ta samu zurfin da ba ta da shi a da. Ko Fela Kuti sai da ya zauna a kwalejin kiɗa ta Trinity a Landan daga 1958, kuma hakan bai hana shi ƙirƙiro salon da duniya ta san nasa ne ba.

Saboda haka matashin da ke haɗa kiɗa da kwamfuta a yau kada ya raina abin da magabata suka bari. Ya nemi masana, ya zauna ya koya, domin baiwa ba ta kai mutum nesa sai an haɗa ta da ilimi.