Sarewa: Busar Makiyaya da Manoma a Yankin Bacirawa

A cikin kayan busa na ƙasar Hausa akwai na fada, akwai kuma na talakawa. Kakaki da farai da algaita su ne na fada, kuma littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ne ya fara amfani da kakaki a wannan masarauta. Sarewa kuwa ta talakawa ce. Wurinta shi ne makiyaya da bakin gona da dandalin ƙauye, don haka ne marubuta ba su cika kula ta ba. A wannan shafi za mu yi wa jama'ar Bacirawa da sauran garuruwan arewacin Jihar Kano bayani a kanta, musamman ma dagatai da masu unguwanni da jami'an ƙananan hukumomi, waɗanda su ne suka fi kusa da sauran masu wannan sana'a.

Sarewa dai bututu ne miƙaƙƙe mai buɗe ta sama da ta ƙasa, galibi da huji huɗu a jikinsa. Ba ta da beli irin na algaita, ba ta da wani harshe da ke kaɗawa a cikinta. Mabushi yakan ɗora bakinta na sama a leɓensa, ya ɗan karkatar da ita gefe, sa'an nan ya hura iska a kan gefen bakin. Iskar tana rabuwa biyu a wannan gefe, wannan rabuwa ce ke sa iskar da ke cikin bututun ta yi rawa har sauti ya fito. Nan ne wahalarta take. Yaro yakan yi kwanaki yana hurawa bai ji komai ba sai fito da jiri, kafin leɓensa ya gano inda muryar take.

Idan aka toshe dukkan hujin da yatsu, iska tana bin tsawon bututun baki ɗaya, sai murya ta yi kauri. Duk hujin da aka buɗe yana rage wannan tsawo, sai murya ta ƙara siranta. In mabushi ya ƙara ƙarfin numfashi kuma, sai sautin ya haura sama ba tare da ya motsa yatsa ba. Ta haka huji huɗu kacal ke ba da muryoyi masu yawa. Da yake Hausa harshe ne mai karin sauti, wato hawa da sauka da faɗuwa, gwanin sarewa yana iya bin karin magana har mai sauraro ya gane take ko kirarin da ake nufi. Wasu gwanaye, musamman cikin Fulani, sukan haɗa busar da gunjin maƙogwaro, sai ka rantse mutum biyu ne.

Abin da aka fi yin ta da shi a ƙasarmu shi ne karan dawa, sai kuma gora inda aka same ta. Bayan girbi akan zaɓi kara miƙaƙƙe wanda ya ƙosa ya bushe, a rarake totuwarsa, a huda gaɓoɓinsa, a kankare bakin ya yi kaifi daidai, sa'an nan a ɗora tsinken ƙarfe a wuta a ƙona hujin ɗaya bayan ɗaya. Maƙerinta ba ya amfani da ma'auni. Yatsunsa da kunnensa ne ma'auninsa, shi ya sa da wuya a sami sarewa biyu masu murya iri ɗaya. Kada a rikita ta da tilliɓoro, wanda shi ma da kara ake yin sa, amma ana tsaga masa harshe a jiki kuma a gicciye ake busa shi. Masana biyu, David Ames da Anthony King, sun rarrabe waɗannan kayan busa a littafinsu na kalmomin kiɗan Hausa wanda aka buga a Amurka a 1971.

Makiyayi yana busa sarewa don ɗebe kewa a daji, dabbobinsa kuma sukan saba da muryarta. Ana jin ta a wasan sharo tare da ganguna, da shagulgulan kaka bayan amfanin gona ya zo gida. Danginta suna da yawa a duniya: akwai nay a Masar da Turkiyya da Iran, akwai kuma irinta ta gora a Japan, inda ake koyar da ita a makarantu. Ko a maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar, Yacouba Moumouni, jagoran ƙungiyar Mamar Kassey da aka kafa a Yamai a 1995, ya kai sarewar Fulani manyan dandali a Turai. Ke nan ba kayan wasan yara ba ne, kamar yadda wasu ke ɗauka.

To amma me ya sa ta yi ƙaranci? Yankinmu wuri ne da gonaki suka haɗe da juna, burtali da makiyaya sun tsuke, kiwo ya koma na turke, yaron da a da yake wuni bayan shanu yanzu yana makaranta ko kasuwa, kuma wannan ci gaba ne da ba ma fatan ya koma baya. Kara ya zama kuɗi, domin ana danga da shi, ana girki, ana ba dabbobi. Masu waƙoƙin finafinan Hausa kuma suna samun muryar sarewa daga fiyano, ba sa bukatar mabushi. Wasu samari suna yin ta da bututun roba ko na ƙarfe. Ba mu ga laifin haka ba, tun da yana raya busar, sai dai muryar kara ta fi laushi, kuma sanin zaɓen kara da rarake shi yana tafiya ne tare da dattawan da suka iya.

A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya Hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa, abin da ya ƙara wa kayan busar fada daraja. Adana sarewa kuwa ya rataya ne a wuyan ƙauye. Muna shawartar dagatai da masu unguwanni su binciko waɗanda suka iya yin ta ko busa ta a garuruwansu, su rubuta sunayensu, a ɗauki muryarsu ko da da wayar hannu ce bisa yardarsu, a miƙa wa ƙaramar hukuma domin ta isar ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da ke Gidan Ɗan Hausa. Shugabannin makarantun firamare ma za su iya gayyatar irin waɗannan dattawa a lokacin kaka, sa'ad da kara yake a wadace. Wanda kuma yake da tsohuwar sarewa a gida, ya nisanta ta daga rana da damshi da gara, ya naɗe ta cikin ƙyalle in hunturu ya shigo, domin bushewar iska ce ke tsaga ta.