Ɗinke raunin dabba da ƴan ƙarafa: abin da ake ajiyewa da abin da ake yarwa

Ƴan uwa makiyaya da mambobin ƙungiyoyin kiwo na Kiyeshe da kewaye, a bakin rijiyoyin Dallol Mawri da rani, ƙaho yakan tsaga fatar dabba a wajen turereniyar shan ruwa. Waya da tsinin kara su ma suna yin tasu ɓarnar. Ragon da aka turke wata huɗu domin Layya, rauni guda da ya ruɓe ya isa ya karya masa farashi a kasuwar Dogondutsi. Shi ya sa nake son in yi muku bayanin wata na'ura da likitocin dabbobi ke amfani da ita: maɗinkin ƙarfe. Aikinsa ya yi kama da na abin haɗa takardu a ofis, sai dai shi fata yake haɗawa.

Daga ina ya fito?

Wani likitan tiyata ɗan ƙasar Hungari, Hümér Hültl, shi ya fara aiki da irinsa a 1908, a aikin cikin ɗan Adam. Nauyinsa ya haura kilo 3, kuma sai an ɓata kusan awa 2 ana jera masa ƙarafa da hannu. A shekarun 1950 Rasha ta inganta shi. A 1958 likitan Amurka Mark Ravitch ya gan shi a can, ya kai fasahar gida. Babban canji ya zo a shekarun 1960, da aka raba na'urar gida biyu: mariƙi, wanda ake wankewa a kashe ƙwayoyin cutar da ke jikinsa a sake aiki da shi, da kuma ɗan akwatin ƙarafan, wanda ke zuwa a cike daga masana'anta, a yi aiki da shi sau ɗaya a yar. Daga baya aka ƙera na ɗinke fata da roba, wanda dukkansa ake yarwa. Shi ne wanda za ku fi gani a jakar likitan dabbobi, galibi da ƙarafa 35 a cikinsa.

Yadda yake kama fata

Kowane ɗan ƙarfe yana da gadon baya da ƙafa biyu masu tsini. Idan likita ya matse mariƙin, ƙarfen yakan lanƙwashe, ƙafafun su shiga fata ta gefen rauni biyu su fuskanci juna a ƙasa. Gadon bayan yana tsayawa sama da fata kaɗan, kuma da gangan aka bar wannan rata: rauni yakan kumbura, idan an matse shi jini ba zai gudana ba, naman wurin ya mutu. Ƙarfen irin wanda ba ya tsatsa ne. Na ofis kuwa yana tsatsa kuma da datti, kada wani ya gwada shi a jikin dabba.

Bayan kwana 10 zuwa 14 ake cire ƙarafan, da wani ɗan awartaki na musamman wanda ke danne tsakiyar ƙarfen har ƙafafun su buɗe su fito. In aka fizge da wuƙa ko awartakin maƙera, sabuwar fatar za ta yage.

Me ya sa ake yar da abin da bai ƙare ba?

Wannan ita ce tambayar da na fi sha. Mutum ya ga an yi aiki da ƙarafa 8, saura 27, sai ya ce asara ce. Amma bakin na'urar ya riga ya shiga jini, jinin ya ratsa lungunan da ruwa da sabulu ba sa kai wa. Tafasawa kuma tana iya lanƙwasa robar, ƙarafan su riƙa fitowa a karkace. Wanda ya adana ragowar, cutar dabbar farko ya adana wa ta biyu. Dokar ɗaya ce da ta allura da rezar aiki da alamar kunne: abin da ya huda dabba ɗaya, ba ya komawa jikin wata sai in an ƙera shi domin a tafasa shi.

Ba kowane rauni ba

Ƙarfe ya dace da sabon yanka mai tsabta, wanda bakinsa biyu ke haɗuwa ba da ja ba, a fata maras kauri kamar ta tunkiya da akuya ko fuskar doki. Fatar babban sa tana da kauri, sau da yawa zare da allura sun fi riƙe ta. Cizon kare, raunin da ya kwana, mai ruɓa ko tsutsa, da huda mai zurfi, ba a rufe su. Rufewa tana kulle ƙwayoyin cuta a ciki, har da na tetanos, cutar da ke sandarar da jiki ta ƙulle haƙora, wadda ta fi kama dawaki da jakai da tumaki. Cizon kare kuma a gaya wa likita nan take saboda haukan kare.

Naku aikin kafin likita ya iso shi ne: ku danne wurin da ƙyalle mai tsabta jini ya tsaya, ku wanke da ruwan da aka tafasa ya huce da ɗan gishiri, ku kai dabbar inuwa nesa da ƙuda. Kada a zuba toka, ƙasa, kashin shanu ko baƙin mai. Ku kira ma'aikacin kiwo a ranar, domin rauni yana da ƴan awoyi ne kawai da zai karɓi ɗinki.

Ga ƙungiyar da ke son saye

Shawarata ita ce ku fara zama da likitan dabbobin yankinku, ko na gwamnati ko mai zaman kansa, shi zai riƙe kayan. Ku lissafa kuɗin kowane rauni, ba kuɗin na'ura ɗaya ba, ku haɗa da awartakin cirewa da maganin wanke rauni. Ku duba ledar a liƙe take, kwanan watan bai wuce ba, ku ajiye a wuri mai inuwa da ba ya jiƙewa. Wanda aka yi aiki da shi da ƙarafan da aka cire, a tara su a gwangwani mai murfi a miƙa wa likita. Ɗan ƙarfen da aka yar a garke yana iya shiga harawa, saniya ta haɗiye shi.

Allah ya tsare mana bisashenmu, ya albarkaci kiwo.