Ciwon Dasashi da Noman da Ba na Gona Ba

Duk wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi da kaka, ya ratsa Bakori, ba sai an gaya masa sana'ar mutanen ƙasar ba. Masara ce da dawa da auduga ko'ina, tun daga Kabomo har Tsiga da Guga. In ka ce noma a nan, kowa gonarsa za ya tuna. To, amma akwai wani noman dabam, wanda ba a yi da fartanya. Sunan wani mugun ciwo ne a bakin likitoci, wanda mu mu ke kira ciwon iska. Kalmar daga harshen Girka ta fito, ma'anarta cinyewa, dacewarta da tamu kuwa katari ne kurum. Mafarinsa shi ne abin nan da mu ka raina, watau ciwon dasashi.

Ga yadda abin ya ke. Kullum akwai wata dauɗa mai yauƙi da ke taruwa a gindin haƙora, cike da ƙwayoyin cuta. In an bar ta, sai ta daskare ta yi tauri, har asuwaki ya kasa fid da ita. Daga nan dasashi ya kumbura, ya yi ja, ya riƙa zub da jini. Mutum ya ga jini a asuwakinsa da asuba, ya ce dannawa ya yi da ƙarfi, ya tofar, ya wuce masallaci. Wannan jini kuwa shi ne kashedi na fari, kuma a nan ciwon ya kan warke sarai. In ya zarce, sai ya ci ƙashin da ke riƙe da haƙori, baki ya yi wari, haƙora su yi ta girgiɗi har su zube. Sai a ce tsufa ne, alhali ba shi ba ne. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan 19 cikin 100 na manyan mutane na fama da mai tsananinsa. Mashaya taba da masu ciwon suga ya fi kama su.

Babba haƙoransa ya ke asara. Yaro kuwa, mai shekara 2 zuwa 6, wanda aka yaye a kan kunu tsagwaronsa, sa'an nan ƙyanda ko zazzaɓin sauro ya ka da shi, ransa ne a hannun Allah. Jikinsa ba shi da ƙarfin tare cutar. Miki ya fito a dasashi, kunci ya kumbura, yawu ya yi ta zuba, cikin 'yan kwanaki nama ya yi baƙi ya ɓurme. Wannan shi ne noma. In ba a yi magani ba, har 9 cikin 10 kan mutu. Ba iska ba ce, ba sammu ba ne, kuma hayaƙi da sakiyar wanzami lokaci kaɗai su ke cinyewa. Tun yana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai kyau suna tsai da shi.

Abin da ke ba mu takaici, ƙasa ce mai wake da gyaɗa da zogale da nono, amma sai a kai mai kyan kasuwa, a bar wa yaro ruwan kunu. Maigida, a rage wa tukunya wani abu. Uwargida, ki riƙa buɗe bakin ɗanki kina dubawa, musamman bayan ya tashi daga ciwo, ki kuma kai shi allurar rigakafin ƙyanda. In kin ga jini ko miki ko kin ji wari, a nufi asibitin Funtuwa ko na Malumfashi ran nan, kada a jira ranar kasuwa.

Asuwaki na da amfani ƙwarai, muddin an tauna bakinsa ya yi laushi, an bi gindin kowane haƙori ciki da waje, safe da dare. Buroshi da man goge baki ma haka. Gawayi da toka kankare haƙori su ke yi. Dauɗar da ta riga ta daskare kuwa sai likitan haƙori.

Waɗanda ciwon ya riga ya ɓata wa fuska, akwai asibitinsu musamman a Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, inda a ke yi musu aikin gyara. Bisa roƙon Nijeriya ne kuma, ran 15 ga Disamba 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci.