Afganistan: Taliban Sun Karɓi Mulki, Saura Amincewa

Ranar 15 ga watan Agusta 2021 mayaƙan Taliban suka shiga birnin Kabul ba tare da wani gumurzu ba. Shugaba Ashraf Gani ya hau jirgi ya bar ƙasar a ranar, rundunar da Amurka ta yi shekara 20 tana horarwa kuwa ta watse, kowa ya kama gabansa. Wannan shi ne karo na biyu da ƙungiyar ta ci Kabul. Na farko a watan Satumba 1996 ne, lokacin da suka fiddo tsohon shugaba Najibullah daga gidan Majalisar Ɗinkin Duniya inda ya fake, suka kashe shi, suka rataye gawarsa a bainar jama'a.

Mai son gane yadda almajirai suka zama masu mulki, sai ya fara duba hanyoyin mota. Bayan ficewar sojojin Tarayyar Sobiyet a 1989 da faɗuwar gwamnatin Najibullah a 1992, shugabannin mujahidai suka juya wa juna bindiga. Kowane kwamanda ya gitta sarƙa a kan hanya yana karɓar kuɗin fito yadda ya ga dama. Direban da ya ɗauko kaya daga Kwetta ta Pakistan zuwa Herat sai ya yi ta biya a shinge bayan shinge, wani lokacin a ƙwace kayan ma baki ɗaya. Da Mulla Umar ya tara ɗalibai a Kandahar a 1994, masu manyan motoci da fatake na cikin waɗanda suka zuba masa kuɗi, Pakistan kuma ta mara masa baya. Aka kwance sarƙoƙin, hanya ta buɗe. Mutumin da ya gaji da fashi ba ya yawan tambayar wa ya naɗa wanda ya kore masa ɓarayi.

A watan Afrilu 1996 malamai suka taru a Kandahar suka yi wa Mulla Umar mubaya'a a matsayin Amirul Muminina. Zaɓe kuwa ba a yi ba. Har aka tumɓuke su a 2001, ƙasashe uku kaɗai suka amince da gwamnatinsu: Pakistan, da Saudiyya, da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa.

Da suka komo, hujjarsu ta fi ta farko ƙarfi. Sun ce su ne suka kori baƙo, kuma Amurka da kanta ta sa hannu da su a Doha ranar 29 ga Fabrairu 2020, ta bar gwamnatin Kabul a waje. Yaƙin ya lafa, wannan gaskiya ce. Amma sun jingine tsarin mulkin 2004, majalisar dokoki ta tashi, a watan Disamba 2021 suka rushe hukumar zaɓe. Ministocin da suka naɗa duk maza ne, mafi yawansu Fashtun, a ƙasar da ke cike da Tajik da Hazara da Uzbek. Hukunci na fitowa daga Kandahar, daga bakin Hibatullah Akundzada, wanda jama'a ba su cika ganin fuskarsa ba. Shirun talakawa a gaban bindiga, da wuya a kira shi yarda.

Aljihu ne ya fara jin jiki. Kafin 2021 tallafin waje ke ɗauke da kusan kashi 75 cikin ɗari na kuɗin da gwamnati ke kashewa. Aka yanke shi rana ɗaya. Amurka ta riƙe kimanin dala miliyan dubu 7 na babban bankin ƙasar. Bankuna suka ƙayyade wa mai ajiya dala 200 a mako, ma'aikata suka yi watanni ba albashi. A watan Afrilu 2022 Akundzada ya haramta noman tsiron da ake yin ƙwayar heroin da shi, kuma a 2023 ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ce noman ya ragu da kusan kashi 95 cikin ɗari. Abin da sojojin ƙasashe da yawa suka kasa, doka ɗaya ta yi shi, sai dai manomin da aka hana bai samu madadin da zai ci da iyalinsa ba.

Batun mata ya fi komi ja musu baƙin jini. A watan Maris 2022 ƴan mata suka tafi makarantun sakandare bisa alkawarin buɗewa, aka maido su gida a ranar. A Disamba 2022 aka rufe musu ƙofar jami'a. Ba Turawa kaɗai suka yi tir ba: Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi da Shehun Azhar, Ahmad al-Tayyib, sun ce hanin ya saɓa wa Musulunci.

Sin ta karɓi jakadansu a watan Janairu 2024. Rasha ce ta fara amincewa da gwamnatinsu a hukumance, a watan Yuli 2025, watan da kotun duniya ta Hague ta ba da sammacin kama Akundzada saboda zaluntar mata. Pakistan kuwa, uwar gijiyarsu ta dā, ta fara korar ƴan gudun hijirar Afganistan a ƙarshen 2023, tana zargin Kabul da ɓoye masu kai mata hari. A watan Oktoba 2025 sojojin ɓangarorin biyu suka gwabza a kan iyaka, aka rufe mashigar Torkam, motocin inabi da rumman suka yi jerin gwano, kayan na ruɓewa a ciki.