Naɗi da Tuɓewar Masu Yanka Haraji a Ƙasar Wudil

A zamanin En'e babu wata majalisa ta dabam mai sauraron ƙarar haraji. Waɗanda suka yanka, su ne ke duba kukan wanda aka yanka wa.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, aka fitar da hakimai daga birni, suka zauna a gundumominsu. Wudil tana hannun Makaman Kano. Sarki ke naɗa hakimi, amma sai da yardar Razdan. Dagaci kuwa, hakimi ke kai sunansa, Sarki ya tabbatar. Dagatai da masu unguwa ke raba haraji gida-gida, malamin haraji ya rubuta, a ƙirga shanu saboda jangali, kuɗin su tafi Baitulmali.

In talaka ya ga an nauyaya masa, sai ya kai kuka wurin dagaci, daga nan hakimi, ko kuwa ya jira Di'o ya zo rangadi. Tuɓewa kuma daga sama take zuwa, galibi saboda cin kuɗin haraji. Don haka dagaci ya fi tsoron giɓi a lissafi bisa ga kukan talakawansa.

Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979. Yau tsarin mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi, irin Wudil, ikon ƙiyasta gidaje domin haraji. Darasin dai yana nan: muddin hannu guda ke naɗa mai yanka da mai duba ƙara, talaka ba shi da wurin zuwa.